Zaɓen da Ganye Ke Yi Tsakanin Iska Biyu

 Kowane manomi a wannan yanki na Ringim, daga bakin kogin Haɗeja har Taura da Garki da Ɓaɓura, ya san kowace shuka da wurinta da lokacinta. Gero da dawa na tudu ne, rana ta dake su, ruwa ya yi fashin kwanaki, su naɗe ganye su jira. Alkama kuwa sai an jira hunturu a shuka ta a fadama, wanda ya makara har zafin Maris ya riske shi, tsamurarriyar ƙwaya zai girba. Dalilan wannan bambanci suna da yawa, amma ɗaya daga cikin manyansu yana can cikin ganye, inda wani sinadari ke zaɓe tsakanin iska biyu, dare bai yi ba sai ya yi zaɓen sau babu iyaka. Masana sun gano yadda ake auna ƙwarewarsa a wannan zaɓe, har sun ba ta lamba. Maganar da nake son in kafa yau ita ce, wannan lamba ta shafi rumbunmu kai tsaye, kuma tun da yawancin awon da aka yi an yi shi ne a yanayi mai sanyi, a kan tsirran wasu ƙasashe, ya zama wajibi masananmu su auna ta a zafinmu, a kan amfanin gonarmu.

Mu fara da tambayar da ba kasafai ake yi ba. Nauyin damin gero daga ina ya fito? Da yawa za su ce daga ƙasa. To, idan aka busar da kara ko hatsi, kusan kashi 45 cikin 100 na nauyinsa kabon ne, kuma daga iska shukar ta ɗebo shi, ta wasu ƙananan kafofi da ke jikin ganye. Iskar kabon, wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, ita ce ganye ke haɗawa da ruwa da ƙarfin hasken rana ya ƙera sukari. Waɗanda suka bi sawun wannan aiki mataki-mataki su ne Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham, a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, kuma a kansa aka ba Calvin kyautar Nobel a 1961. Sinadarin da ke kama iskar a matakin farko sunansa Rubisko. Aikinsa ya ɗauki ƙwayar kabon guda ya liƙa ta a jikin wani sukari mai kabon 5, abin ya zama 6, ya tsage biyu, 3 da 3. Duk tuwon da aka ci a duniya ta wannan ƙofa ya shigo. Sai dai Rubisko mai nawa ne. A ganyen alkama ko shinkafa yakan kama ƙwaya kamar 3 a daƙiƙa, alhali akwai sinadarai ire-irensa da ke yin dubbai. Don shuka ta cike wannan giɓi sai ta tara shi da yawa, har kusan rubu'in naitirojin da ke ganyen shinkafa yana cikinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi idan mun zo maganar taki.

Nawar ba ita ce babbar matsala ba. Tun 1920 Bajamushe Otto Warburg ya lura cewa idan iskar oksijin ta yi yawa, tsiro yakan rage haɗa abinci, amma an yi shekara 50 ba a san dalili ba. Sai a 1971 George Bowes da William Ogren da Richard Hageman, a Jami'ar Illinois, suna aiki da ganyen waken suya, suka nuna cewa shi Rubiskon da kansa yakan kama oksijin a gurbin kabon. Idan haka ta faru, sukarin nan mai kabon 5 sai ya tsage 3 da 2, babu ƙarin komai. Shi mai 2 ɗin kuma guba ne ga aikin ganye, dole a kwashe shi, a zagaya da shi ta ɓangarori uku na ƙwayar ganyen kafin a ceto wani abu daga cikinsa. A wannan zagaye ana ƙona ƙarfin da rana ta bayar, ana kuma sakin kabon da aka riga aka sha wahala aka kama. Masana na kiran wannan asara numfashin cikin haske, kuma a shuka irin alkama da shinkafa tana iya cin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na abin da ganye zai iya samarwa, a zafi ma ta zarce haka.

Kada mu yi saurin raina Rubisko. Ku ɗauki uwargida ta zauna da faifai tana tsintar shinkafa, amma a faifan nata duk ƙwayar shinkafa guda akwai tsakuwa 30, girmansu kusan ɗaya, kuma a cikin duhu take aikin. Idan ta yi sauri tsakuwa za ta cika tukunya, idan ta tsaya lalube yara za su kwana da yunwa. Halin da Rubisko ke ciki ke nan. A iskar da muke shaƙa oksijin kashi 21 ne cikin 100, iskar kabon kuwa kimanin 420 ce cikin miliyan, wato oksijin ya ninka ta sau 500. Sa'ar da aka yi ita ce kabon ta fi oksijin narkewa a ruwa, don haka a cikin ruwan ganye, inda aikin ke gudana, ratar ta ragu zuwa kusan sau 30. Lambar da masana ke aunawa amsar tambaya guda ce: da a ce iskar biyu yawansu ɗaya, sau nawa Rubisko zai kama kabon kafin ya kama oksijin sau ɗaya? A alkama da shinkafa da wake amsar tana tsakanin 80 da 100. Mu ce 90. Raba 90 da 30, ka samu 3. Ma'ana, duk kamu huɗu, uku na kabon ne, ɗaya na oksijin. Da wannan ɗan lissafi mutum zai ga inda asarar ta fito.

Yanzu ta yaya ake auna abin da ido ba ya gani? Nan ne wahalar take, kuma nan ne ya kamata ɗalibanmu na kimiyya su buɗe kunne. Ba za a auna kamun kabon yau, na oksijin gobe, a haɗa ba, domin ƙarfin sinadarin yana sauyawa daga gwaji zuwa gwaji. Dole a auna biyun a kwalba ɗaya, a lokaci ɗaya. Douglas Jordan da Ogren suka yi haka a 1981. Sun tace Rubisko daga ganye, suka ba shi iskar kabon mai alama, wato kabon mai lamba 14 wanda na'ura ke iya ji da ƙirgawa, shi kuma sukarin suka sa masa wata alama ta haidirojin mai lamba 3. Bayan an tsayar da aikin, alama ta farko ta faɗi yawan kabon da aka kama, ta biyu ta faɗi yawan gubar nan mai kabon 2. A 1989, a cibiyar Rothamsted ta Ingila, Martin Parry da abokansa suka bi wata hanya mai sauƙin kuɗi: a zuba sukarin da aka san adadinsa, na'ura ta auna oksijin da ya ragu a ruwan har sukarin ya ƙare, abin da ya saura kuma an san kabon ne ya cinye shi. A 1994 masana a Kanbera ta Ostareliya suka ƙara gyara. Suka sa alamar a kai ɗaya na sukarin, ta yadda idan kabon aka kama za ta fito a jikin mai 3, idan oksijin ne ta fito a jikin mai 2, sai a raba su a ƙirga. Duk da wannan dabara, ɗan kuskure a tsamin ruwan gwaji, ko numfashin mai gwajin ya kutsa cikin kwalba, ya isa ya karkatar da sakamako. Shi ya sa ɗakin gwaji biyu kan auna shuka ɗaya, wannan ya ce 80, wancan ya ce 100, har wasu suka koma auna na alkama tare da kowane gwaji don ya zama ma'auni. Duk wanda ya kawo muku lamba bai faɗi hanyar da ya bi da zafin da ya yi awon ba, rabin labari ya kawo.

Abin da awon ya bayyana ya ba da mamaki, don ashe Rubisko ba iri ɗaya ba ne. Na wata bakteriya mai zama inda babu oksijin lambarsa ba ta wuce 15 ba. Na bakteriya masu launin shuɗi-kore da ke ruwa yana wajen 40 zuwa 50. Na tsirran gona 80 zuwa 100. Na wasu jajayen gansakuka kuwa ya haura 150. A tsibiran Sifen da ke tekun Bahar Rum, wani bincike na 2005 ya samu wani tsiron bakin teku mai jure fari da lambarsa ta kai kusan 110, abin da ya sa ake zaton tsirran busassun wurare masu zafi na iya ɓoye nau'i mafi ƙwarewa. Idan haka ne, ina ya fi cancanta a duba in ba irin ƙasarmu ba, inda wake da riɗi da yakuwa suka yi ɗaruruwan shekaru suna fama da rana?

Ga kuma inda maganar ta iso ƙofar gidanmu. Kusan duk lambobin nan a digiri 25 aka auna su, domin shi ne zafin da ɗakunan gwaji suka saba aiki da shi. Rana tsaka a gonar Ringim da damina ta wuce 30, a Afrilu kuwa 40 ba baƙo ba ne. Zafi na cutar da zaɓen ta fuska biyu. Ƙwarewar Rubisko da kanta tana raguwa, sannan iskar kabon ta fi oksijin saurin ficewa daga ruwa idan ya ɗumama. Ana iya ganin haka a jikin ganye mai rai, ba sai an tace komai ba. A maƙala ganyen a wani ɗan akwati, a haska masa fitila, a riƙa rage iskar kabon har a kai inda abin da yake kamawa ya yi daidai da abin da numfashin cikin haske ke saki. A ganyen taba, awon da aka wallafa a 2001 ya nuna wannan gaci yana kusan 43 cikin miliyan a digiri 25, ya kai wajen 70 a digiri 35, a digiri 40 kuma ya ninka na digiri 25. Ƙara da cewa idan ƙasa ta bushe ganye na tsuke kafofinsa don kada ruwa ya tsere, kabon da ke ciki ya ragu, oksijin ya samu fili. Abin lura a nan shi ne, waɗannan lambobi na taba su ne aka daɗe ana cusawa a lissafin kwamfuta da ake hasashen yadda amfanin gona zai yi idan duniya ta ƙara zafi, bisa tsarin da Graham Farquhar da abokansa suka fitar a 1980. Wato wani lokaci ana hasashen makomar wakenmu da awon tabar wata ƙasa.

To gero da dawa fa, yaya suka tsira? Sun zagaye matsalar ne. A 1965 masu binciken rake a Hawayi suka ga abin da ganyensa ke fara samarwa mai kabon 4 ne ba 3 ba, shekara ɗaya bayan haka Hal Hatch da Roger Slack suka warware tsarin a Ostareliya. A irin waɗannan tsirrai wani sinadari dabam ne ke tarbar kabon a ƙofa, kuma shi ba ruwansa da oksijin. Yana kamawa yana turawa zuwa wasu ƙwayoyi da suka kewaye jijiyoyin ganye, inda aka killace Rubisko, har kabon ya taru a can ninkin-ba-ninkin. Gero, dawa, masara, rake, acca, gamba, har alayyafo da aya duk wannan tsari suke bi. Shi ya sa suke yin kara mai yawa da kusan rabin ruwan da sauran ke sha, da naitirojin kaɗan. Da aka auna Rubiskonsu sai aka ga lambarsa ta ɗan yi ƙasa da ta alkama, amma ya fi sauri. Tun da an kawar masa da oksijin, ba ya buƙatar tsananin tantancewa.

Na san akwai mai sauraro da zai ce, malam, mu damuwarmu tsadar taki ce da man injin ban-ruwa da farashin da za a taya mu a kasuwar Gujungu ko ta Shuwarin, ina ruwanmu da ƙwayar iska? Gaskiyarsa ce, kuma babu lambar da za ta sauke farashin yuriya a bana. Amma a tuna inda yuriyar ke zuwa. Kaso mai tsoka na naitirojin da aka watsa wa shinkafa Rubisko ake ginawa da shi, alhali a ganyen dawa bai kai rabin haka ba. Irin da Rubiskonsa ya fi ƙwarewa ko sauri zai iya yin aiki ɗaya da taki kaɗan, kuma zai iya tsuke kafofinsa ya rage shan ruwa ba tare da ya yi asara sosai ba. Maganar taki da mai ke nan, ta wata ƙofa aka shigo. Wani kuma zai ce ai abincinmu gero ne da dawa, su kuma sun warware matsalarsu. A da can wataƙila. Yau a dubi abin da Jigawa ke taƙama da shi: shinkafa da alkamar rani a kwarin Haɗeja, riɗi da zoɓo da ake fita da su ƙasashen waje, wake, gyaɗa, tumatir, har dabinon Dutse. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke da dabarar gero. Kullum muna ƙara jingina tattalin arzikinmu a kan tsirran da zafi ya fi yi wa illa ta wannan fuska.

Akwai ƙalubale mafi nauyi, kuma daga masanan kansu ya fito. A 2006 Guillaume Tcherkez da Farquhar da John Andrews suka ce sauri da ƙwarewa kishiyoyi ne a jikin Rubisko, idan ɗaya ya hau ɗaya zai sauka, kuma kowane tsiro ya riga ya daidaita nasa da muhallinsa, don haka ba wani abin kirki da za a ƙara. Hujja ce mai ƙarfi, kuma shekarun da aka kwashe ana ƙoƙarin ƙera sabon Rubisko ba tare da babbar nasara ba suna goyon bayanta. Sai dai a ganina ba ta rufe ƙofa ba. Da aka tattara awo daga ɗaruruwan nau'o'i a shekarun baya-bayan nan, an ga kishin nan bai kai tsananin da aka zata ba, akwai masu sauri da ba su rasa ƙwarewa sosai ba. Sannan ko da an yarda kowane tsiro ya daidaita da muhallinsa, muhallin ya sauya. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon 280 ce cikin miliyan, yau ta wuce 420, alkama kuma asalinta Gabas ta Tsakiya ne, ba fadamar Ringim ba. Duk yadda aka juya, awo ne zai raba gardamar. Masu cewa ƙaruwar kabon a iska za ta warware komai da kanta, su ma rabin gaskiya suka riƙe. Lallai tana taimakon shinkafa da alkama, amma zafi na tafe tare da ita, kuma gwaje-gwaje a fili sun nuna hatsin da aka noma a iska mai yawan kabon yakan rage furotin da sinadaran ƙarfe da zinki.

Ba na son a tashi daga nan da tunanin cewa gobe za a kawo irin mu'ujiza. An fara aikin sanya wa shinkafa dabarar dawa a 2008 a cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, har yau ba ta iso gonar kowa ba. A 2019 masu binciken Illinois sun gajarta wa taba hanyar kwashe gubar nan, ta ƙara girma da kusan kashi 40 cikin 100 a gonar gwaji, amma girman ganyen taba dabam, cikar buhun wake dabam. Kuma irin waɗannan hanyoyi na sauya ƙwayar halitta ne, wanda jama'a ke da ikon su yi tambaya a kansa. Amma akwai hanyar da ba ta buƙatar haka, wato a auna ire-iren da ake da su, a zaɓi na gaba a yi barbara. An taɓa yin makamancin wannan. Rubisko ya fi son kabon mai lamba 12 a kan mai lamba 13, kuma ta auna wannan bambanci a busasshen ganye ana gane shukar da ke tattalin ruwa. Da wannan awo Ostareliya ta fitar da alkama mai suna Drysdale a 2002 don busassun wurare. Ba abin da aka yi illa awo da zaɓe.

Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. Na'urar auna oksijin a ruwa da akwatin auna numfashin ganye abubuwa ne da jami'a za ta iya mallaka. Muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da cibiyar noman busassun ƙasashe ta Jami'ar Bayero, da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, da tashoshin binciken noma na IITA da ICRISAT a Kano, da cibiyar binciken Tafkin Chadi a Maiduguri wadda alkama da gero ke hannunta. Kiran da nake yi gare su shi ne su tattaro ire-iren wake da riɗi da gyaɗa da shinkafar da manomanmu ke ajiyewa, su auna su a digiri 30 da 35 da 40, su kuma wallafa hanyar da suka bi don wani ya iya maimaitawa. Hukumar noma ta JARDA da gwamnatin jiha kuma su tallafa wa irin wannan bincike.

Ku kuma manoman rani, abin da ke hannunku yau shi ne lokaci. Ku shuka alkama tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba domin ta cika ƙwaya kafin zafi ya sauko, kada kuma ku bar shinkafa ko tumatir su yi ƙishi a ranakun da rana ta fi zafi, don a lokacin ne ganye ke rufe kafofinsa asarar ta ninka. Masu ba da iri da taki su ma su kawo kaya kafin lokacin ya wuce.